Nasiha Kan Tarurrukan Ƙarshen Mako a Ƙasar Guci

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shayar da gonakinmu a damina, ya fitar mana da tsiro daga cikin rairayi, ya kuma ja kwananmu har muka ga kaka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Guci da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Malawa, da Dogo-Dogo, da Dungas, da Waca, har ya zuwa Magarya:

Kowa ya sani, da zarar an gama girbi an ɗaure dammuna, garuruwanmu sukan sake kama. Tun daga ranar Juma'a za ka ga baƙi suna sauka, wasu a mota, wasu a kan babur, wasu a amalanke. Ana idar da salla sai a shiga ɗaurin aure, wani lokaci uku ko huɗu a jere. Asabar da sassafe ga raɗin suna, da hantsi ga saukar karatu a makarantar allo, da la'asar ga kokowa a bayan gari, da dare kuma ga wa'azi a ƙofar masallaci, can gefe ga kiɗan 'yan mata a dandali. Lahadi a kai amare, a yi walima, a yi taron iyayen yara ko na 'yan gari mazauna waje. Kafin rana ta faɗi baƙi sun fara ɗaure kaya. A kan waɗannan kwanaki uku ne muka ga ya wajaba mu yi wa kanmu da ku nasiha.

YADDA TARO YA TATTARU A ƘARSHEN MAKO

Iyayenmu da kakanninmu ba su san wani abu wai shi ƙarshen mako ba. Makon manomi yana juyawa ne a kan ranar Juma'a da ranakun kasuwa. A Musulunci ma babu ranar da aka hana aiki a cikinta ɗungurungum, domin a cikin Suratul Jumu'a an umarce mu ne da mu bar ciniki idan an yi kiran salla, idan an idar kuma mu watsu mu ci gaba da neman falalar Allah. Hutun Asabar da Lahadi ya shigo mana ne tare da ofisoshi da lakwal, bayan da Faransawa suka ci Damagaram a shekarar 1899.

To amma a yau kusan babu gidan da ba shi da ɗa ko jika a Damagaram, ko a Magarya, ko a Yamai, wani malamin lakwal, wani ma'aikacin asibiti, wani ɗalibi. Waɗannan ba su samun sukunin zuwa gida sai a waɗannan ranaku, saboda haka kowane mai hidima yake tura tasa can. Babu laifi a cikin wannan ko kaɗan. Sai dai sakamakonsa shi ne, hidimomin da a da akan baza su cikin wata guda, yanzu sun cushe a kwana uku, kuma duk daga rumbu ɗaya ake ɗibar abin yin su.

ADDINI BAI HANA TARO BA

Kada wani ya zaci mun zo ne mu hana mutane murna. Addinin da ya tara mu sau biyar a yini, ya tara gari duka ranar Juma'a, ya tara ƙasa a filin idi, ba zai ƙyamaci taro ba. Amsa gayyatar ɗan'uwa yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan Musulmi. Ya tabbata cewa mutanen Habasha sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah (S.A.W.) yana tsaye, Nana A'isha (R.A.) tana kallo ta bayansa. An kuma ruwaito cewa ya yi kokowa da wani ƙaƙƙarfan Baƙuraishe mai suna Rukana, ya kayar da shi. A wajen taro ne 'yan'uwan da suka daɗe ba su gana ba suke sada zumunci, a nan ake sasanta masu gaba, a nan yaro yake sanin danginsa.

Abin da muke cewa shi ne, taro yana da ma'auni, kuma ma'aunin ba yawan motocin da suka zo ba ne. Ranar Litinin ake auna shi, bayan an naɗe tabarmi, an mayar da tukwanen aro, baƙi sun kama hanya. A ranar ce magidanci zai leƙa rumbunsa, ya dubi maƙwabcinsa, ya kuma tuna sallolin da suka wuce shi. Idan ya tarar da abincin iyalinsa na nan, haƙƙin miskini ya fita, babu wanda ya kwana da ɓacin rai saboda shi, to wannan taro ya yi albarka. Idan kuwa abin da ya rage masa bashi ne da da-na-sani, to ko da malamai ɗari ne suka yi addu'a a wurin, akwai gyara.

ZAKKA KAFIN BIKI

Haƙƙin farko da ke kan amfanin gona shi ne na Allah. A cikin Suratul An'am, aya ɗaya ce ta haɗa umarni da fitar da haƙƙin amfanin gona a lokacin girbinsa da kuma hani ga almubazzaranci. Lalle akwai abin lura a cikin wannan haɗi, domin lokacin da hatsi ya yi yawa a gaban mutum, a lokacin ne hannunsa yake saki.

Nisabin hatsi, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wusƙi 5 ne, kowane wusƙi sa'i 60, wato sa'i 300 ke nan. Malaman zamani sun ƙiyasta shi da kimanin kilo 650, wajen buhu 6 da rabi na buhu mai kilo 100. Abin da ruwan sama ya shayar, kamar geronmu da dawarmu, ana fitar da ɗaya cikin 10. Abin da aka sha wahalar ban ruwansa da guga ko da inji, ɗaya cikin 20. A mazhabar Malikiyya ba a haɗa gero da dawa domin cika nisabi, kowane da lissafinsa, kuma wake da riɗi su ma akwai zakka a cikinsu. Haka nan bashin da ke kan manomi ba ya kayar masa da zakkar gona.

Akwai kurakurai da suka yawaita a tsakaninmu. Wani yakan dafa wa baƙin biki abinci ya ce ya fitar da zakka ke nan. Wani yakan ba wanzami ko maƙeri dami a madadin aikin da suka yi masa a shekara, ya lissafa shi cikin zakka. Wani kuma maroƙin da ya wasa shi a bainar jama'a yake ba. Duk waɗannan ba su sauke farilla ba. Zakka ana mallaka ta ne ga waɗanda Allah ya ambata a cikin Suratut Tauba, kuma faƙirai da miskinai su ne a farkon jerin. Waɗanda suka fi cancanta su ne na garin da aka yi noman: gwauruwar da ke riƙe da marayu, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da wanda tsutsa ko ƙarancin ruwa suka cinye masa gona. Mu tuna da masu lambun nan da labarinsu ya zo a Suratul Ƙalam, waɗanda suka ƙulla cewa za su yi sammako su girbe don kada wani miskini ya riske su, suka wayi gari lambun ya ƙone ƙurmus.

LISSAFIN RUMBU

Haƙƙi na biyu shi ne na iyali. Bari mu yi lissafi a fili. Mu ɗauka magidanci yana da mutum 10 a gidansa, ana auna musu tiya 2 kowace rana. A wata tiya 60 ke nan. Buhun kilo 100 kuwa tiya 40 yake ci. Idan wannan bawan Allah ya sayar da buhu 3 saboda hidimar kwana uku, ya fitar da tiya 120, abincin gidansa na wata 2 cif. Waɗannan watanni biyu kuwa ba na kaka ba ne, su ne Yuli da Agusta, lokacin da ake tsakiyar noma, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba.

Ƙari a kan haka, a kaka yake sayarwa, lokacin da kowa ya kai nasa kasuwa farashi ya faɗi, sa'an nan ya dawo da damina ya sayi irin wannan hatsin da tsada. In babu kuɗi sai ya sayar da akuyar matarsa, ko ya jinginar da gona, ko ya karɓi rancen tiya ɗaya a kan zai mayar da biyu, wanda kuwa riba ce tsantsa, haramun ga mai bayarwa da mai karɓa. Daga nan sai samarin gida su tsallaka Najeriya cin rani tun kafin lokaci, a bar tsofaffi da mata.

Dattawanmu ba su manta da yunwar 1973 zuwa 1974 ba, da ta 1984 zuwa 1985, kuma da yawa daga cikinmu sun ga wahalar 2005 da ta 2010. A shekarar 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a asibitin Magarya tun 2005, ta bayyana cewa a ƙarshen daminar shekarar yara wajen 10 ne suke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin, akasarinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Ba mu ce biki ne kaɗai ya jawo haka ba. Akwai ƙarancin ruwa, akwai ƙanƙancewar gonaki, akwai tsadar kaya da nisan asibiti. Amma a cikin dukkan waɗannan dalilai, wanda yake hannunmu kai tsaye shi ne yadda muke ɗibar rumbu a kaka. Yaron da zazzaɓi ya kama yana ƙoshe, da wanda ya kama cikin yunwa, ba su zama ɗaya ba.

Annabi Yusufu (A.S.), da ya fassara mafarkin sarkin Masar, shawarar da ya bayar ita ce a bar abin da aka girbe a cikin zangarniyarsa, a ɗebi kaɗan kawai na ci, saboda shekarun tsanani da ke tafe. Abin sha'awa, haka kakanninmu suke ajiye gero a rumbu, da zangarniyarsa. Tanadi sunnar Annabawa ce, ba ya kuma warware tawakkali.

WALIMA DA GASAR BIKI

Walimar aure sunna ce, amma Shari'a ba ta ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) da ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Shi da kansa, a kan hanyar dawowa daga Haibara a shekara ta 7 bayan hijira, ya yi walimar aurensa da Nana Safiyya (R.A.) da dabino da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa. Wane ne a cikinmu ya fi shi daraja, har da zai ji kunyar walima mai sauƙi?

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa mafi munin abinci shi ne na walimar da ake gayyatar mawadata a ƙyale talakawa. Mu dubi yadda muke yi: baƙin birni a shigar da su ɗaki a ajiye musu nama, almajiran gari da maƙwabta mabuƙata kuwa a bar su a ƙofa suna jiran suɗi.

Muna kira ga iyayenmu mata musamman game da al'adar nan ta mayar da biki da ninki. Asalinta taimakon juna ne, amma ta rikiɗe ta zama bashin da ke hana mace barci. Wadda ta kawo miki jikka ɗaya, idan nata ya zo sai kin kai biyu, ko da kuwa za ki sayar da waken da kika tsinta da hannunki. Kyauta idan aka shar'anta mata ƙari ta fita daga sunan kyauta. Kowa ya kai abin da ya sawwaƙa, mai karɓa kuma ya karɓa da godiya. Haka nan gasar lefe da kayan ɗaki da gara, ita ce ta sa samari da yawa suka kasa aure, 'yan mata suna zaune a gaban iyayensu.

FILIN KOKOWA DA BAKIN HANYA

Kokowa wasa ce ta gado, har hukuma ta mayar da ita gasar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975, ana ba zakara takobi. Ba mu haramta abin da Allah bai haramta ba. Sharuɗɗanta dai su ne a rufe al'aura, a bar caca a kan 'yan wasa, a bar dogaro da layu da surkulle, domin ƙarfi da nasara na Allah ne. Babban abin da ke damunmu shi ne lokaci. Ana buɗe fili kafin la'asar, ba a tashi sai duhu ya shiga, salla biyu sun tafi. Me zai hana masu shirya wasa su sa a dakatar da ganga idan an yi kira, a yi sahu a nan gefen fili? Ba zai ɗauke su fiye da minti 15 ba.

Ga samarinmu masu zaman fada ana shan shayi, ku sani Manzon Allah (S.A.W.) bai yarje wa sahabbai zama a bakin hanya ba sai da sharaɗin su ba hanya haƙƙinta, wato runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. A ranakun biki mata da 'yan mata baƙi suna yawan wucewa. Ku zama masu tsare mutuncinsu, kamar yadda kuke so a tsare na ƙannenku idan sun je wani gari. Masu babura kuma su ji tsoron Allah, su bar tseren rakiyar amarya a cikin lungunan da yara ke wasa.

MU MA MASU WA'AZI

Ba zai zama adalci ba mu auna tarurrukan jama'a mu bar namu. Sau nawa muke sauka a ƙaramin ƙauye da tawaga mai yawa, a bi gida gida ana karɓar tiya da kaji don ciyar da mu, har gidan da ba su da na gobe su bayar saboda kunya? Sau nawa muke sakin lasifika har tsakar dare, alhali akwai marar lafiya da mai jego a maƙwabta, sa'an nan da asuba sahu ya kasa cika? Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, don gudun kada ya gundure su, ya kuma ce haka Manzon Allah (S.A.W.) yake yi da su.

Mafi muni shi ne wa'azin da zai tarar da gari a haɗe ya bar shi a rabe, wa da ƙane ba su gaisawa, saboda mai wa'azi ya kwana yana zagin malaman wani ɓangare. Shi baƙo ne, Lahadi zai hau mota ya tafi, mutanen gari su ne za su ci gaba da haɗuwa a rijiya da maƙabarta. Saboda haka muna ɗaukar wa kanmu alkawari: tawagarmu za ta taho da guzurinta, za mu rufe wa'azi da wuri, za mu kuma keɓe wa mata lokacinsu na karatu da rana, kamar yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe musu rana da suka roƙe shi.

A MAYAR DA GAYYA CIKIN JERIN HIDIMOMI

A cikin dukkan tarurrukan da muka gada, babu wanda yake barin alheri a bayansa kamar gayya, kuma ita ce ta fi ja da baya. Waɗanda suka manyanta suna tune da zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya take gina azuzuwan lakwal da share gari da ƙarfin samari. Manzon Allah (S.A.W.) ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa (R.A.), saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai a tsakaninsu, har ya danganta kansa da su.

Shawarar da muke ba limamai da masu gari da shugabannin samari ita ce kamar haka. Na farko, liman ya yi huɗuba a kan zakka tun kafin a fara ɗaurin aure na kaka, a kuma san gidajen mabuƙata na kowace unguwa. Na biyu, kowane magidanci ya keɓe abincin shekara ya rufe, abin da ya yi saura shi ne na hidima. Na uku, waɗanda aurensu ya faɗo a mako ɗaya su haɗa walima, tukunya ɗaya ta isar wa gida uku. Na huɗu, a duk ƙarshen makon da gari ya cika, a keɓe safiyar Lahadi domin aikin gayya guda: yashe rijiya, ko gyaran katangar maƙabarta, ko rufin makarantar allo, ko cike kududdufin da ke tara sauro. Na biyar, 'yan gari mazauna waje, abin da za su liƙa wa makaɗa su zuba shi a sayi hatsi tun yana da araha, a ajiye a hannun amintattu, a fitar wa mabuƙata a watan Yuli.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar izini daga Dungas ko Damagaram. Abin da ake buƙata shi ne dattawa biyar ko shida su zauna bayan sallar Juma'a su tsayar da magana, kuma masu hali su fara da kansu, domin talaka ba zai iya rage biki ba muddin mai kuɗin unguwa yana ƙarawa.

Ya Allah ka sanya albarka a cikin abin da muka girbe, ka kai mu wata kakar da rai da lafiya. Ya Allah ka ba waɗanda suka yi aure zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ka raya jariran da aka raɗa wa suna a kan Musulunci, ka sa Alƙur'ani ya ceci waɗanda suka sauke shi. Ka mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka jiƙan magabatanmu, ka zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa namu ne, muna neman gafararsa.